Baƙunta ko Hujja: Da Me Jiki Yake Yanke Hukuncin Kisa?

A cikin jinin kowane ɗan Adam akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake haihuwar su da makami a hannu. Ba sa buƙatar sun taɓa arba da abokin gaba kafin su far masa. Idan ɗayarsu ta manne wa wata ƙwaya kuma lissafi ya faɗa a kan kisa, sai ta fesa mata wani furotin mai huda fata, ta tura wasu sinadarai ta wannan huda, waɗanda ke sa ƙwayar ta rushe kanta daga ciki. Masana suna kiran su ƙwayoyin NK, wato makasa na asali. Rolf Kiessling da Eva Klein da Hans Wigzell ne suka bayyana su a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin a 1975, kuma a shekarar ce Ronald Herberman ya ba da rahoton irinsu a Amurka. Abin da ya fara ɗaure wa masu binciken kai shi ne yadda suke kashe ƙwayoyin kansa ba tare da wani ya nuna musu ba. Amma tambayar da ta fi nauyi tana ta ɗaya ɓangaren: me ya hana su kashe mu? Suna yawo dare da rana a cikin jini da saifa da hanta da huhu, suna gogayya da lafiyayyun ƙwayoyi marasa adadi, kuma suna wucewa ba su taɓa kowa ba. Wannan tambaya ta girmi madubin likita da ɗakin gwaji. Ita ce alƙalai da malaman fiƙihu da masana falsafa suka daɗe suna juyawa: mene ne ke halatta wa mai ƙarfi ya ɗaga hannu a kan wani, kasancewarsa baƙo ko hujjar da ta tabbata a kansa?

Amsar da ta fara mamaye ilimin garkuwar jiki ita ce ta baƙunta. Macfarlane Burnet na Ostireliya, wanda ya raba kyautar Nobel da Peter Medawar a 1960, ya gina fahimtarsa a kan rabe ɗan gida da bare: garkuwa takan bar abin da yake na jiki, ta yaƙi abin da ba nasa ba. Ƙwayoyin NK sun ƙi shiga wannan tsari, domin yawancin abin da suke kashewa na gida ne. Sai wani ɗalibin digirin digirgir a Karolinska, Klas Kärre, ya juya zancen a kundinsa na 1981. Kusan kowace ƙwaya mai cibiya a jikinmu tana ɗauke da wani tambari a fatarta, furotin da ake kira MHC na rukunin farko, wanda da shi take baje kolin abin da ke cikinta ga ƙwayoyin T, wasu dakarun garkuwar jiki. Bairos da kansa sukan sauke wannan tambari don su ɓuya. Kärre ya ce ƙwayar NK tana duba tambarin ne, idan ba ta gan shi ba sai ta kai hari. Shi da kansa ya kwatanta abin da jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku da suka riƙa kutsawa ruwan Suwidin a wancan lokaci: maimakon a ba masunta littafin hotunan dukan jiragen duniya, a ba su hotunan 'yan jiragen ƙasarsu, duk wanda suka gani ba ya ciki su kai rahoto. A 1986 shi da abokan aikinsa suka nuna haka a jikin ɓeraye. Ƙwayoyin wata kansa da ake kira RMA, masu tambarinsu, sun yi ta girma, amma 'yan uwansu da suka rasa tambarin an share su. Daga baya Wayne Yokoyama ya gano makarɓan da ke karanta tambarin a ɓeraye a 1992, Alessandro da Lorenzo Moretta kuma suka gano na ɗan Adam a birnin Genoa na Italiya, waɗanda yanzu ake kira KIR. Makarɓai ne masu hanawa, aikinsu su ce wa ƙwayar ta dakata.

Ra'ayi ne mai kyau, kuma gaskiya ne gwargwadon inda ya kai. Sai dai in da shi kaɗai ne dokar, da ma'anarsa ita ce rashin takardar shaida laifi ne da ya kai a zubar da jini. Jikin da kansa ya ƙaryata wannan. Jajayen ƙwayoyin jinin mutum, waɗanda yawansu ya haura tiriliyan 20, kusan ba su da wannan tambari, kuma ƙwayoyin NK na cuɗanya da su a kowane bugun zuciya ba tare da sun far musu ba. Ɓerayen da aka haifa da nakasar da ta hana su yin tambarin gaba ɗaya ba su mutu da harin garkuwarsu ba. Akwai ma mutane ƙalilan da ke da irin wannan nakasa ta gado, suna fama da wasu cututtuka na huhu da fata, amma makasan jikinsu ba su cinye su ba. Ashe rashin tambari birki kawai yake cirewa. Dole a samu wani abu dabam da zai tura.

Wannan abu su ne makarɓai masu zuga, kuma a nan ne zancen ya fi daɗi. Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne NKG2D. A 1999 ƙungiyar Thomas Spies a birnin Seattle ta nuna cewa abin da yake kamawa wani furotin ne mai suna MICA, kuma wannan furotin na jikin mutum ne, rubutacce a cikin ƙwayoyin gadonmu. A yau an san irinsa guda takwas a ɗan Adam. Lafiyayyar ƙwaya tana da su a rubuce amma ba ta cika fito da su fili ba. Sai lokacin da bairos ya shige ta, ko sinadarin gadonta ya lalace, ko ta fara rarrabuwa ba kan gado, sannan take ɗora su a fatarta. Ɗakin binciken David Raulet a Berkeley ya nuna a 2005 cewa na'urar da ke lura da karyewar sinadarin gado a cikin ƙwaya ita ce ke sa a ɗaga waɗannan tutoci. Ya kamata a tsaya a kan wannan, domin abin mamaki ne: wadda za a kashe ita ce ke sanar da halin da take ciki. Wato iƙirari take yi a kan kanta. Kuma iƙirarin na iya rinjayar tambari. A 2001 ɗakin Raulet da na Lewis Lanier suka ɗauki waɗancan ƙwayoyin RMA ɗin da Kärre ya ga suna girma lafiya, suka bar musu tambarinsu cikakke, suka ɗora musu tutar damuwa kawai, sai ɓerayen suka kawar da su. Ɗan gida ne da takardunsa a hannu, amma hujja ta tabbata a kansa. Sauran makarɓan ma haka suke. NKp30 yana kama wani furotin mai suna B7-H6 da ke bayyana a kan ƙwayoyin kansa, DNAM-1 yana kama wasu furotin na mannewa da ke ƙaruwa a kan ƙwayar da ta lalace. Kusan dukansu labarin halin ƙwaya suke tambaya, asalinta bai dame su ba.

Kuma mai shaida ɗaya ba ya isa. Yenan Bryceson da Eric Long, a Cibiyar Binciken Lafiya ta Amurka, sun ɗauki ƙwayoyin NK daga jinin mutane a 2006, suna nan a huce ba a tayar musu da hankali ba, suka riƙa taɓa makarɓansu ɗaya bayan ɗaya. NKG2D shi kaɗai bai sa suka fesa dafinsu ba. Haka 2B4, haka DNAM-1, haka NKp46. Sai da aka haɗa su biyu-biyu, kuma ba kowace haɗuwa ba, misali NKG2D da 2B4, ko 2B4 da DNAM-1, sannan ƙwayar ta motsa. Makarɓi ɗaya ne ya fita daban, wato CD16, wanda shi kaɗai ya wadatar. Dalilin fitar tasa yana ƙara wa zancen ƙarfi ne. CD16 ba ya duba ƙwayar kai tsaye, wutsiyar antibodi yake kamawa, antibodin da ya riga ya lulluɓe ta. Shi kuwa antibodi ƙwayoyin B ne suka ƙera shi bayan kwanaki ana tace su ana zaɓe, da sa hannun ƙwayoyin T. Shaida ce da aka riga aka tantance a wani zaure. Misalin da ya fi kusa da mu na zazzaɓin cizon sauro ne. A 2018 ɗakin Long ya nuna cewa jar ƙwayar jinin da ƙwayar maleriya ta shiga, idan aka zuba mata antibodin mutanen da suka taso a yankin maleriya a ƙasar Mali, ƙwayoyin NK na fasa ta. Maƙwabciyarta lafiyayya, wadda ita ma ba ta da tambari, sai su bar ta ta wuce. Akwai kuma wani tsari a cikin ginin makarɓan kansu: yawancin masu zuga ba su da bakin yin umarni. Sai sun jingina da wani ƙaramin furotin a cikin fata, irin su DAP10 da DAP12, kafin saƙonsu ya shiga. Masu hanawa kuwa suna ɗauke da nasu saƙon a jikinsu, kuma da zarar sun ga tambari sukan jawo wani sinadari da ke katse saƙon zuga tun daga tushe.

Saura guda, wanda a ganina ya fi duka ban sha'awa. Makarɓai masu hanawa ana rarraba su ne ga ƙwayoyin NK kamar da ƙuri'a, saboda haka wasu kan tashi ba su da ko ɗaya da ya dace da tambarin gidansu. A bisa hankali su ne ya kamata su zama annoba, tunda babu mai tsawata musu. A 2005 ɗakin Yokoyama da na Raulet suka gano akasin haka: irin waɗannan ƙwayoyi sanyi suke yi, ko an zuga su da kyar suke motsawa. Wadda take da birki mai ƙarfi ita ce ke da kaifi. Ƙungiyar Eric Vivier a Marseille ta tabbatar da haka a ɗan Adam a 2006. Wato izinin kisa ana ba da shi ne gwargwadon yadda za a iya dakatar da mai riƙe da shi. Haka nan idan aka yi ta buga wa ƙwayar tutar damuwa ba ƙaƙƙautawa, sai ta janye makarɓinta ciki ta daina saurare.

Idan aka jera waɗannan, abin da ke fitowa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya zauna a gaban malamin fiƙihu ya karanta babin shari'a, ko a Risala ko a Tuhfar Ibn Asim da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna aiki da ita. Asalin mutum kuɓutacce ne har sai an tabbatar da akasin haka. Kawo hujja yana kan mai ƙara. Manyan hukunce-hukunce suna buƙatar fiye da mai shaida ɗaya, kuma mai shaidar ma sai an tsarkake shi. Iƙirari hujja ce mai ƙarfi. Shubuha tana tunkuɗe haddi. Alƙalin da ba a iya taka masa birki ba a ba shi kujera. Abin da nake son in kare shi ne cewa wannan kamanni ba gamon katar ba ne. Duk wani mai tsaro da ke zaune a cikin abin da yake tsarewa, mai ikon halakarwa, wanda kuma ba ya ganin gaibu, matsala guda yake fuskanta. Idan ya dogara da asali, zai kashe marasa laifi masu yawa da ba su da takarda, kuma zai bar masu laifi da suka iya riƙe tasu. Hanyar da ta rage masa ita ce ya tara alamomi daga kafofi dabam-dabam, ya auna su, ya sa wa kansa iyakar da sai an haura ta zai motsa. Jiki ya iso nan ta hanyar halittarsa, shari'a ta iso ta hanyar wahayi da ijtihadi, kuma sun haɗu ne domin matsalar ɗaya ce.

Mai suka na farko zai ce duk wannan ado ne na harshe. Ƙwaya ba ta da hankali, ba ta da niyya, ba ta san adalci ba. Abin da ke faruwa a inda fatar makashiya ta haɗu da ta wadda za a kashe, ja-in-ja ne tsakanin sinadaran da ke liƙa fosfet a jikin furotin da waɗanda ke ɓamɓare shi, wanda ya yi rinjaye shi ke nan. Gaskiya ya faɗa, kuma babu buƙatar musu da shi. Ba a cewa ƙwayar NK mai adalci ce, kamar yadda ba a yaba wa sikeli da gaskiya. Amma sikelin da aka ƙera daidai yana nuna wani abu game da awo, ko da bai san yana yi ba. Hujjata ba ta rataya a kan cewa ƙwayar tana tunani, ta rataya a kan siffar tsarin: kafofi da yawa, iyaka, birki, da horo. Wannan siffa ana iya ganinta, ana iya cire ɓangarenta ɗaya a ga abin da zai biyo baya, kuma an yi. Ga mumini kuwa, rashin hankalin ƙwayar ƙarin abin lura ne. Tun zamanin Imam Gazali da Ibn Rushd malamai ke jayayya a kan ko wuta ce ke ƙonawa ko Allah ne ke halittar ƙuna a lokacin da wuta ta taɓa auduga, amma dukansu biyu sun yarda cewa tsarin da ke cikin abin da ba shi da hankali yana nuni ga wanda ya tsara. Wanda bai yi imani ba zai ce zaɓin yanayi ne ya tace tsarin a tsawon zamunna. Wannan saɓani na asalin tsarin ne. Dukan ɓangarorin biyu suna kallon abu ɗaya idan suka leƙa madubi.

Suka ta biyu ta fi ta farko kaifi. David Hume na Sukotland ya yi gargaɗi tun ƙarni na 18 cewa ba a tsallakawa daga yadda abu yake zuwa yadda ya kamata ya kasance. A cikin halitta akwai zanzaro da ke saka ƙwai a jikin tsutsa mai rai, akwai zakin da ke kashe 'ya'yan wanda ya gada. Me zai sa a ɗauki ƙwayar NK malama a bar waɗannan? Wannan ma daidai ne, kuma tarihi ya nuna haɗarin. An sha aron harshen garkuwar jiki don a kira wasu mutane cuta a jikin al'umma, a ce kawar da su tsafta ce. Amma a lura da abin da masu wannan magana suke yi: hujja suke kafawa da halitta, suna cewa ko jiki ma korar baƙo yake yi. Wanda ya kafa hujja da wani abu, ya halatta a duba ko abin haka yake. Kuma ba haka yake ba. Hanjinmu cike yake da tiriliyoyin bakteriya baƙi da garkuwa ke zaune da su lafiya, kuma abin da ƙwayoyin NK suka fi kashewa 'yan gida ne da suka lalace. Saboda haka ban ɗauko wajabcin adalci daga jini ba, wajabcinsa daga wani wuri yake zuwa. Abin da jini ya bayar ya fi wannan ƙanƙanta amma yana da amfani: ya rushe da'awar cewa neman hujja kafin hukunci jin daɗi ne na masu zaman lafiya, wanda ba zai yiwu ba a lokacin haɗari. Ga mai tsaro nan da ke fuskantar maƙiya masu ninka kansu cikin sa'o'i, kuma duk da haka bai yar da sikelinsa ba.

Suka ta uku ita ce ta kuskure, kuma a nan dole a yi gaskiya, domin kuskuren na nan ta kowane ɓangare. A cutar da ke sa hanjin wasu mutane ya kasa jure furotin ɗin alkama, ƙungiyar Bana Jabri a Chicago ta nuna a 2004 cewa wani sinadarin faɗakarwa mai suna IL-15 yana sa ƙwayoyin T na bangon hanji su ɗauki NKG2D su yi ta kashe ƙwayoyin bangon da suka ɗaga tutar damuwa. A cutar da ke zubar da gashi fili-fili, binciken Angela Christiano a Jami'ar Columbia a 2010 ya gano irin wannan tuta a tushen gashin. Abin lura shi ne, ita ƙa'idar shaidu biyu ma takan sassauta idan sinadaran faɗakarwa suka cika wuri, sai makarɓi ɗaya ya isa. Jiki ma yana da dokar ta-ɓaci, kuma a ƙarƙashinta ne ɓarna ta fi aukuwa. Ta ɗaya ɓangaren kuma masu laifi na kuɓuta. Ɗakin Spies ya nuna a 2002 cewa wasu kansoshi na yanke MICA daga fatarsu su watsa shi cikin jini, har makarɓan su gaji su daina ji. Bairos ɗin CMV yana ƙera furotin mai suna UL16 da ke riƙe tutocin a cikin ƙwaya kada su fito, wato yana toshe bakin mai iƙirari. Bairos ɗin ƙanjamau yana sauke tamburan da ƙwayoyin T suka fi dubawa, ya bar waɗanda ke kwantar da hankalin ƙwayoyin NK. Mai suka zai ce ina hikimar tsarin da ake yaudararsa haka? Amsar ita ce babu iyakar da za a sa wadda za ta kawar da kurakuran biyu a lokaci ɗaya. A sauke ta ƙasa, jiki ya ci kansa. A ɗaga ta sama, a samu irin halin yarinyar da Christine Biron ta ba da rahotonta a 1989, wadda ba ta da ƙwayoyin NK, ta yi ta fama da munanan cututtukan bairos ɗaya bayan ɗaya, ciki har da ƙaranbau mai tsanani. Musulunci bai ɓoye wannan game da kotun mutane ba. Hadisin Ummu Salama ya nuna cewa ko a gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hukunci a kan abin da ya bayyana yake tafiya, mai iya baki na iya cin nasara, kuma hukuncin ba ya halatta masa abin da ba nasa ba. Ƙissar Annabi Musa da bawan Allah a Suratul Kahfi tana nuna ɗaya gefen: wanda aka sanar da shi ɓoyayye na iya aikata abin da mai hukunci da zahiri ba shi da ikon aikatawa, kuma malamai ba su taɓa mai da wannan ƙa'idar alƙalanci ba.

Akwai wata suka da masana fannin ne za su kawo. Za su ce ai akwai makarɓi mai zuga da ke gane baƙo kai tsaye. A 2002 ɗakin Lanier da na Yokoyama suka nuna cewa Ly49H, wanda wasu jinsunan ɓeraye ke da shi, yana kama wani furotin na bairos ɗin CMV na ɓeraye mai suna m157, kuma ɓerayen da ke da shi suna tsira daga cutar da ke kashe waɗanda ba su da shi. Amma a dubi m157 ɗin da kyau. Siffarsa kwaikwayon tambarin gida ce, kuma a wasu jinsunan ɓeraye makarɓi mai hanawa yake kamawa ya kwantar da ƙwayar. Takardar jabu ce bairos ya ƙera. Ly49H kuwa makarɓi ne da ya ƙware a gane wannan jabun. Abin da yake kamawa aikin yaudara ne sananne daga maƙiyi sananne, kuma wannan hujja ce ta kowace fuska.

Inda zancen baƙunta ya fi rushewa shi ne mahaifa. Ɗan tayi rabinsa na uba ne, ƙwayoyin mabiyiyarsa suna kutsawa cikin bangon mahaifar uwa suna ɗauke da tambarin wani mutum dabam. A watannin farko na ciki, kusan kashi 70 cikin ɗari na fararen ƙwayoyin da ke wannan bango ƙwayoyin NK ne. Ba sa kashe baƙon, taimaka masa suke yi ya faɗaɗa jijiyoyin jinin uwa don ya samu abinci. Ƙungiyar Ashley Moffett a Jami'ar Cambridge ta gano a 2004 cewa matan da makarɓansu suka fi karkata ga hanawa, idan ɗan ya gaji wani nau'in tambari da ake kira C2, sun fi shiga haɗarin hawan jinin masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga. Makarɓi mai zuga ne ke ba da kariya: KIR2DS1 a matan Turai, sannan Annettee Nakimuli ta nuna a 2015, da binciken da ta yi a asibitin Mulago na Kampala, cewa a matan Yuganda KIR2DS5 ne ke wannan aiki. A nan zugar ba ta haifar da kisa, sinadaran da ke jawo ƙwayoyin mabiyiya su shiga ciki take sa a fitar. Haka 'yan uwan NK da ke zaune a bangon hanji, waɗanda ake kira ILC3: suna ɗauke da makarɓai masu zuga na dangin NKp44 da NKp46, amma aikinsu fitar da IL-22 ne, mai gyara bango da ƙarfafa shi. Wannan ya ƙara wa hujjar wani sashe. Tabbatar alama abu ne guda, abin da za a yi da ita wani abu ne, kuma wuri da hali ne ke yanke na biyun.

Kamannin jiki da shari'a yana da iyaka, kuma iyakar tana bayyana ne a lokacin da mutum ya sa hannu a sikelin. A birnin Perugia na Italiya, Andrea Velardi da Loredana Ruggeri sun yi wa masu kansar jini dashen ɓargo daga dangin da suka dace da su rabi kawai, kuma suka ba da rahoto a 2002 cewa idan ƙwayoyin NK na mai bayarwa ba su ga tambarin da suka saba da shi a jikin mai karɓa ba, kansar nau'in AML ba ta cika dawowa ba. A irin wannan jiki kowace ƙwaya baƙuwa ce a idon sababbin makasan, tun daga fata har hanta. Duk da haka fata da hanta da hanji sun tsira, ƙwayoyin kansar ne suka sha hari, domin su ne ke ɗauke da abin da masu zuga ke kamawa. Manya masu ɗaya nau'in, wato ALL, ba su samu wannan amfani ba, kuma binciken da ya biyo baya a wasu asibitoci ya ba da sakamako mai hawa da sauka. A 2020 ƙungiyar Katayoun Rezvani a Houston ta ɗora wa ƙwayoyin NK makarɓi na ƙira, wanda shi kaɗai ya isa ya ba da umarni, ta ba marasa lafiya 11, kuma 8 daga cikinsu suka samu sauƙi. Makarɓin yana kama CD19 ne, alamar da ke kan ƙwayoyin B masu kansa da lafiyayyu baki ɗaya, saboda haka likitan da ya zaɓe shi ya san tun farko cewa marasa laifi na iya tafiya tare da masu laifi, ya kuma auna cewa jiki zai iya jure rashinsu. Ƙwayar ba za a tambaye ta a kan wannan zaɓi ba. Likitan da kwamitin da ya ba shi izini su ne ke sa hannu a takarda, kuma su ne ke zama da majiyyaci su bayyana masa abin da zai iya rasawa kafin ya amince.